Kumandan Injin Markaɗe

A bakin kakarta, Tsohuwa, Zulfa ta fara jin sunan. Gidansu na unguwar New Bell ba shi da nisa da filin jirgi, kuma duk sanda jirgi ya ratsa ta saman kwano, sai Tsohuwa ta ajiye muciya, ta ɗaga kai ta ce, "Allah ya sauki Usaid lafiya." Sai da Zulfa ta yi wayo ta gane ƙanin mahaifiyarta ne, autan gidan, wanda ya tafi Afirka ta Kudu koyon tuƙin jirgin sama.

Ya dawo a shekarar da mahaifinsa Malam Rabe ya rasu. Dogo ne, ba hayaniya, ga lasisinsa na matuƙi a hannu. Gida ya cika, har da masu tambayar yaushe zai kai su Makka. Ashe lasisin wata ƙasa ba ya tayar da jirgi a nan sai an mayar da shi na gida. Ya kai dosiyen takardunsa. Aka ce a jira ƙasar da ta ba shi ta tabbatar. Kafin amsa ta iso, shaidar likita ta mutu. Ya sabunta ta, ya ci jarrabawar dokokin sama, sai aka ce ya daɗe bai tashi ba, dole a gwada shi a cikin jirgi. To, jirgin wa? Haka dai, in wannan ya nuna, wancan ya ruɓe.

Gida kuwa sai an ci. Malam Rabe ya bar injin markaɗe a kasuwar Marché Dakar, Usaid ya ce zai riƙe kafin Allah ya kawo. Da safe ya cusa auduga a kunne, ya ja igiya, inji ya kama ruri.

"Kumanda!" in ji Azumi mai sayar da abinci, tana dire bokiti. "Yau ina muka nufa, Paris ko unguwar Yassa?"

"Ɗaura bel, Hajiya, tattasanki zai tashi."

Bai taɓa jin haushin sunan ba. Ba ya cin goro, shayinsa babu sukari. "Jikin nan ajiyar likita ce," haka yake cewa. Bayan la'asar yakan zauna a ƙofar gida da Zulfa, ya rufe ido, ya saurara. "Wannan mai farfela ne, bai yi lodi ba. Duba ki gani." In ta duba, haka ne.

Ita ta fara lura. Rediyonsa ya ƙara murya. In an kira shi, sai an maimaita. Ta gaya wa mahaifiyarta Sa'ida, uwar ta ce, "Gajiya ce, rufe min baki."

Zulfa tana ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, aka samu hanya. Wani ƙaramin kamfani mai kai ma'aikata daji ya ce zai ba shi jirgin gwaji, ya kuma ɗauke shi aiki. Shaidar likita kaɗai ta rage. Ita ta raka shi. Aka shigar da shi wani ɗan ɗaki mai gilashi, aka sa masa abin ji a kunne, aka ba shi maɓalli: in ya ji ƙara, ya danna. Zulfa na kallon likita yana murɗawa, yana ƙara murɗawa. Kawu na zaune a miƙe cikin farar rigarsa mai guga, babban yatsa a kan maɓalli, yana jira. Can ya ɗago, ya yi murmushi cikin ladabi.

"Docteur, a fara mana, na shirya."

Likitan ya cire tabarau, ya tambayi Zulfa a hankali, "Wane aiki yake yi?"

Washegari Kawu ya koma inji, bai sa auduga ba. Ya ci goro, ya ce ashe ma ba daɗi. Azumi ta daina tsokanarsa, wannan ya fi yi masa ciwo. Shekara bayan shekara, sauran jin ma ya bi ruwan markaɗe.

Wata la'asar suna zaune a ƙofa, jirgi ya ratsa. Daga ciki Tsohuwa, wadda tsufa ya fara rikita mata lokaci, ta ce, "Allah ya sauki Usaid lafiya." Shi kuwa yana kankare busasshen tattasai a farcensa. Sai da ya ga kan Zulfa a sama ya ɗago, sararin ya riga ya zama wayam.

Sannan ya ce da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin kansa, "'Yar Sa'ida, ki yi min abu ɗaya. In kin ji ya taho, ki taɓa ni a kafaɗa. Kada ya wuce ina kallon ƙasa."