Ƙofar da Muka Tsufar a Balad

Na tarar da Baba Idi kafinta a Balad, wata tsohuwar unguwa a ƙasa mai tsarki, sarƙa a hannu, yana ba sabuwar ƙofa haƙuri.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Tsohon gari ake farfaɗowa, ɗana. Kafili, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya ce in ƙofar shagonsa ba ta tsufa kafin Juma'a ba, halas, magana ta ƙare, babu sabunta mini iƙama, takardar zama."

Baba ya girma yana goge katako a wani ƙaramin garin jirgin ƙasa a Sudan, hannunsa ya kasa dukanta. Na karɓa, na yi mata dukan ɓarawon kasuwa, muka shafe ta da baƙin shayi.

An sabunta iƙamar. Jiya na ji mai zagayawa da baƙi yana rantsuwa ƙofar ta girmi kakansa.

Jama'a, wa ke da kayan da ke bukatar tarihi?