Sukuwar da Na Kalla da Ƙeya

Wata Alhamis a watan Safar, shekarar da na cika goma sha uku, na hau kan wani dutse a bayan Jarwal, unguwarmu a Makka, na yabi goɗiyar mutane da iyakar muryata, ban ce Masha Allah ba. Laifin ke nan gaba ɗayansa. Ban ɗauki kayan kowa ba, ban zagi uban kowa ba. Mantuwa ce kawai, amma saura ƙiris ta raba mahaifina da abincinsa.

Baba mai ɗaukar ruwa ne. Tun da asuba yakan saɓa sanda a kafaɗa, garwa ɗaya gaba, ɗaya baya, ya nufi bazan, wato rijiyar unguwa inda ake layin ɗiba, daga nan ya yi ta hawa da sauka a benayen mutane har rana ta take. Duk cikin gidajen da yake kai wa, babu kamar gidan Sidi Hamza, wani attajiri mai fataucin yadi. Gidan kaɗai ya isa ya ci da mu, domin bayan randunan iyali akwai barga mai dawaki, kuma doki a zafin Makka ya fi ƙauye guda shan ruwa. Sannan maƙwabta suna kallon Sidi Hamza ne: wanda ya ɗauka su ɗauka, wanda ya sallama su sallama. Ni aikina in bi Baba da ƙaramar garwa in cika kwamin dawaki. A nan na san Baba Idi, tsohon da ke kula da bargar, Basakkwace ne da ya zo ta Sudan a ƙafa. Yana goge dawaki yana yi musu faɗa da Hausa, ni kuwa ina tsugune ina kallon ƙafafunsu, maimakon in koma bazan.

Daga wannan tsugunon na zama malamin dawaki, ba wanda ya naɗa ni sai kaina. Idan alhazai suka watse gari ya yi shiru, samarin manyan gidaje sukan fita da dawakinsu bayan la'asar zuwa wani fili a gefen hanyar Jidda. Ruwan ambaliya ya yayyanka filin, ya bar kwazazzabai, ga kuma wata tsohuwar katangar dutse da ta kai ƙugun mutum. Sai a tashi daga gindin tsauni, a tsallake katangar, a tsallake ƙananan ramuka, a ƙare da babban kwazazzabo. Ba a sa kome a kai, suna kawai ake nema. Mu yaran Jarwal mukan yi cincirindo a kan duwatsu, ni kuma in faɗi wanda zai zo na ɗaya tun ba a ɗaura sirdi ba. Ina da ƙa'idodi. Dokin da ke leƙa cikin rami matsoraci ne, wanda ke kallon hayin ramin shi ne mai tsalle. Wanda kunnuwansa ke juyawa baya yana sauraron mahayinsa, wanda ya kafe su gaba kansa yake ji. Har kashin doki nakan tsaya in duba ina gyaɗa kai kamar likita. Idan na dace, sai duk Jarwal ta ji, har kurame. Idan na kuskure, to mahayin ne bai iya ba, ko iska ce ta juya. Abokina Bakur ne kaɗai ke riƙe kurakuraina a ka, kuma shi ma dabino biyu ke rufe masa baki.

Ran nan aka fito da Shaƙra, jar goɗiyar da Sidi Hamza ya sayo daga wajen Larabawan daji. Ni na san ta a barga, amma ban taɓa ganin ta cikin rana da sirdi ba. Jikinta na ƙyalli kamar an shafe ta da man shanu, kuma Jamil ne a kanta, ɗan Sidi Hamza namiji tilo. Kaina ya kumbura. Ina so kowa ya san cewa ni nake ba ta ruwa. Na miƙe a kan dutse, na bar Hausar da muke yi da yara, na koma Larabci don manya su ji, na rantse cewa duk ƙasar Hijaz ba a haifi mai irin waɗannan ƙafafu ba, yau tashi za ta yi kamar tsuntsu, sauran su koma jan amalanke. Na jira a yi dariya. Ba wanda ya yi. Wani tsoho ya ce, "Ka ambaci Allah, yaro!" Kafin in buɗe baki, Shaƙra ta girgiza kai, ta ja da baya, ƙafarta ta zame a kan tsakuwa. Zamewa ce ƙarama, irin wadda jaki ke yi sau ɗari a wuni, amma kowa ya gani. Na shiga jera Masha Allah kamar mai jan carbi. Na riga na makara.

Sidi Hamza yana zaune a kan darduma ƙarƙashin laima. Bai ɗaga murya ba, yatsa kawai ya ɗaga, aka kawo ni gabansa. Ya tambaya ɗan wane ne wannan, aka ce ɗan mai ruwan gidansa ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Idan ko kofatonta ya ƙwarzane, ko ɗana ya kurje, garwar ubanka ba za ta ƙara tsallake ƙofata ba." Sai ya sa Baba Idi ya riƙe ni kusa, domin idan kambun baka ya kama, da ruwan alwalar mai bakin ake karya shi, kada a neme ni a rasa. Ya ƙara da cewa a juya ni, kada idona ya sake sauka a kan goɗiyar. Haka malamin dawakin Jarwal ya tsaya yana fuskantar tsauni, ƙeyarsa na kallon fili. Baba Idi ya damƙe wuyan hannuna, ya sunkuyo ya ce, "Kai dai bakinka ya fi ƙafarka sauri, ɗan nema. Yi ta salati."

Ban taɓa sanin sukuwa tana da tsawo haka ba. Na ji an yi ihun tashi, ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashin tafin ƙafata. Ba abin da nake gani sai baƙin dutse da wata akuya da ke tauna tsumma hankalinta kwance. Bakur ya matso yana ba ni labari, kuma Allah bai halicci wanda ya kai shi rashin iya ba da labari ba. "Ga su nan! Kai! Wayyo! A'a, ba ita ba ce. Ko ita ce?" Na ji kofatai sun yi shiru lokaci guda, alamar suna sama a kan katanga, sai kuma dirarsu, tare da ƙarar dutse da ya faɗo. Ba na tunanin wanda zai ci, na manta ma da akwai ci. Fuskar Baba nake gani, da kantar da sanda ta yi masa a kafaɗa, da yadda zai tsaya a bakin bazan da garwa cike ba gidan da zai kai. Hannun Baba Idi yana ƙara matse nawa duk lokacin da suka tunkari rami, har na koyi karanta tseren daga yatsunsa. Ya matse, ya sassauta. Ya matse, ya sassauta. Da suka doshi babban kwazazzabo sai ya matse bai saki ba. Jama'a suka yi salati baki ɗaya, irin salatin da ake yi idan abu ya faɗi. Na ji Sidi Hamza ya miƙe, laimar ta kife. Bakur ya yi tsit, kuma shirun Bakur ya fi ihunsa ban tsoro. Na ce, "Baba Idi, don Allah mene ne?" Ya sake ni ya ruga, tsohon da kullum yake kukan gwiwa.

Aka bar ni ni kaɗai da akuya. Ba wanda ya ce in juyo, ni kuma ban isa in juyo ba. Na tsaya a nan har sai da aka zo aka ja ni ta kunne.

Yanzu filin nan an fara yanka shi ana gini, motocin Jidda suna wucewa ta inda katangar take, samarin manyan gidaje kuma sun koma gasar mota, abin da ba shi da kunnen da za a duba. Wani lokaci idan na bi ta wurin nakan tsaya in nemi dutsen da na hau, ban gane shi ba cikin tulin duwatsun magina. Nakan yi kewar ƙurar da ihun, har da tsoron ma.

Abin da ya faru a ranar kuwa shi ne, Shaƙra ta zo bakin kwazazzabon tana gaba da kowa, ta leƙa ciki, ta ƙi. Jamil ya wuce ta kan wuyanta ya sauka a yashi, ya tashi yana tofar da ƙasa, ko ƙwarzane babu. Wani tsohon doki kili mai fitattun haƙarƙari, wanda na ce ko kwata ba zai tsallake ba, shi ya zo na ɗaya. Da yamma aka kira mahaifina, shi ya ɗauko ruwan a kafaɗarsa, na yi alwala a cikin tasa a tsakar barga, aka kwarara wa goɗiyar da Jamil ta baya. Daga nan muka koma gida ni da Baba. Sidi Hamza ya bar masa randunan cikin gida, ruwan barga kuwa ya ba wani. Ni ma ban ƙara taka bargar ba.