Ƙwayar da Na Ba Malam Lawal Ladan

Ranar Talata da hantsi, ina buɗe kemis ɗina a Ƙofar Kwaya, Hajiya Binta ta aiko a shaida mani cewa mijinta, Malam Lawal, ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan benci, na kasa ɗaga ido in dubi magungunan da ke kan kanta.

Malam Lawal shi ne ladanin masallacinmu tun ina yaro, kuma a zaurensa na yi karatun allo. Ko da wuta ko babu, ba a taɓa jiran kiran sallarsa ba. Idan aka yaba muryarsa, sai ya yi murmushi ya ce, "Aro ce, Mai ita zai karɓa."

Bara, gab da azumi, muryar ta dushe. Ya zo wurina ya ce, "Isuhu, mi za ka ba ni? Maƙoshin nan ya ƙi." Na ba shi maganin mura da atishawa, ƙananan ƙwayoyin nan masu sa gyangyaɗi, alhali ko atishawa ɗaya ban ji ya yi ba. Bayan sati uku ya dawo ya ce maƙogwaronsa ya bushe ƙayau. Na ƙara masa. Wata huɗu muna haka. Girman kai ne ya hana ni tura shi asibiti, ni da ya sha gaya wa cewa "ban sani ba" rabin ilimi ne.

Sai da murya ta ɗauke gaba ɗaya muka kai shi asibiti. Likita ya ce ƙari ne a maƙogwaro, ya riga ya girma. Ya ce ƙwayar nan busar da maƙoshi take yi, kuma dushewar da ta kai sati uku dubawa take so. Ya tambaya ko wa ya ɗora shi a kanta. Ina tsaye a wurin. Malam ya karɓi biro ya rubuta, "Ni na saya da kaina." Ko kallona bai yi ba, ni kuma na yi shiru.

Kunyar shirun nan nake ji har yau. Hajiya, ni ne na ba shi. Ki yafe mani.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mani, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Hajiya Binta da 'ya'yansa haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Ni kuma Allah Ya gafarta mani. Amin.