Takalman da Kawu Ya Kawo wa Baba

Shekarar da ciwon baya ya kama Baba na riga na yi aure, amma ɗakina na cikin gidanmu a Daura, shagon ɗinkina kuma a ƙofar gida, saboda haka komai a kan idona ya faru. Baba dillalin dabbobi ne a kara. Wani rago ne ya fizge shi, ƙugunsa ya riƙe. A asibiti aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya daina kokawa da dabbobi. Ƙwayoyin yana sha, kokawar ce dai bai daina ba.

Ana cikin haka Kawu, yayan Innarmu, ya dawo daga Umara da tsaraba: takalman roba masu ƙuraje a ciki, tsini-tsini kamar an shuka ƙusoshi. Ya zauna a zaure ya maimaita mana bayanin da mai shagon ya yi masa. Wai duk jikin mutum yana cikin tafin ƙafarsa. Babban yatsa shi ne kai, tsakiyar tafi ciki, diddige kuma ƙugu. In aka danna inda ya dace, ciwon da ke sama sai ya lafa. Ya kama diddigen Baba ya matsa har sai da Baba ya yi salati, sannan Kawu ya ce to ga ƙugun nan ya amsa.

Baba yana jin nauyin Kawu ƙwarai, domin shi ne waliyyin Inna a lokacin aurensu. Ya yi godiya, ya zura ƙafa, ya nufi sallar la'asar. Ina kan keken ɗinki ina kallonsa yana ɗaga ƙafa kamar mai taka garwashi, hannuwa a ware, fuska a yamutse. Masallacin da ke bayan gidanmu, sai da aka kusa sallamewa kafin ya isa.

Washegari labari ya zaga unguwa cewa ciwon ya sauko ƙafafu. Kafin a jima ya zama shanyewar ɓarin jiki. 'Yan'uwanmu na Sandamu suka cika mota suka zo dubiya da fura da lemo, wata gwaggonmu tana kuka tun daga zaure. Suka tarar da shi tsaye yana zuba wa tumaki dusa.

Kawu ma ya zo, ya tambayi yaya bayan. Baba ba ya ƙarya. Sai ya ce, "Wallahi Alhaji, tun da na sa takalman nan ban sake tuna ina da baya ba."

Kawu ya yi hamdala, bai tsaya jin ƙarshen zancen ba. Da ya fita, Baba ya kira ni ya ce dole takalman nan su ɓace, amma ɓacewar da za a ce ƙaddara ce, kada a ga hannunsa a ciki.

Ranar Juma'a ya jera su a bakin ƙofar masallacin da aka fi ɗauke wa mutane takalma, ya fito ta wata ƙofar ba takalmi, na ɗauko shi a babur. Muna isa gida muka same su a zaure. Wani bawan Allah ne ya sa su, ya ce musanye ya yi. Bai kai bakin titi ba ya tuɓe, ya ɗaga su sama yana tambayar na wane ne, kuma babu wanda bai sani ba. Ranar kasuwar Dutsi Baba ya manta da su a ƙarƙashin kujerar mota. Direban ya aiko ɗan acaɓa da su, har da saƙon Allah ya ƙara sauƙi. Baba ya ajiye su a turken awaki. Akuyar da ta taɓa cinye mini tef ɗin awo ta shinshina, ta juya baya.

Daga nan ya haƙura ya ci gaba da sawa. Da takalman ba a bin rago da gudu, dole ya koma zama a inuwa yana ciniki da baki. A hankali tafin ƙafarsa ya saba, bayan kuma ya yi sauƙi da gaske. Da muka koma asibiti ya kwashe labari ya faɗa wa likita. Likitan ya juya takalmin a hannu, ya ce ba zai iya rantsuwa cewa su ne ba, ga ƙwayoyi ga kuma hutu, amma tunda ba shi da ciwon suga kuma yana jin daɗinsu, ya ci gaba, kada dai ya bar magani.

Kawu kuwa duk inda ya zauna, a ɗaurin aure ko zaman makoki, labarin takalman yake bayarwa. Wata ranar Talata, a ƙaramin masallacinmu, aka sace su. Wannan karon ba wanda ya dawo da su. Baba ya zaga unguwa yana cigiya, ransa a ɓace sosai, ni kuma na kasa haɗa ido da shi, ina tuna yadda muka yi ta ƙoƙarin ɓatar da su.

Da ya fid da rai, sai ya sa aka kawo masa baro guda na tsakuwa, ya baza a tsakar gida, yana takawa kowace safiya ba takalmi. Inna ta ce ba za ta yi shara a kan dutse ba, aka kwashe aka mayar ƙofar gida, dab da shagona. Dattawan unguwa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai in buɗe shago in tarar da su a layi, wanduna a naɗe, suna cije baki suna gaisawa, kowa na tambayar ɗan'uwansa ko hantarsa ta amsa. Masu kawo ɗinki sai sun ratsa ta cikinsu. Wata mata ta tsaya da yadinta a hannu ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni a hankali laifin me suka yi.