Taken Babana a Lasifikar Biki

Mu gidanmu fawa muka gada. Kakana mahauci ne, babana mahauci ne, yayyena biyu har yau tun da asuba suke fita mahauta. Ni ne auta, ni ne kuma na fita zakka. Ko kaza aka ba ni in yanka sai na kawar da kai, yayyena su yi ta dariya suna cewa an haifa musu malamin makaranta a gidan nama. Wuƙa dai ba ta zauna a hannuna ba. Abin da Allah ya ba ni baki ne, shi kam ban raina ba.

Duk Lahadi bayan la'asar muna haɗuwa a farfajiyar wani shagon fura, mu da muke kiran kanmu masu fasaha. Mai shagon ya bar mana wurin ne don a sha furarsa, ba don yana gane abin da muke yi ba. Akwai masu gambarar zamani da wandunansu a ƙasan ƙugu, akwai 'yan mata biyu daga jami'a masu waƙa da Turanci, akwai wani mai jita da ke lodin siminti a Kalambaina, ya zo mana gashin idonsa fari fat. Makirfo ɗaya gare mu, lasifikar kuwa in ta ga dama sai ta yi ta tari. Babu mai ɗaukar nauyinmu. Ni waƙata ba rerawa ake yi ba, faɗa ake yi, a tsaya a gaban mutane a zuba magana mai kari. In ta yi daɗi ba a tafi, yatsu ake ƙyastawa, wani yayi ne da muka kwaso a waya. Ni kuma na san irin ƙyastawar da ake yi mini, ta kunya ce, ta ganin ido. Abin yana cin raina ƙwarai.

Da Baba ya rasu na yi masa waƙa. Ta yi kyau, ko yanzu ba zan ce ba ta yi ba. Amma na gaji da kyau na tsaka-tsaki, so nake in ga wurin nan ya tashi tsaye. Sai tunanin takensa ya faɗo mini.

Kalangu kiɗan mahauta ne, kuma mahaucin da ya isa yana da takensa, wato 'yar jimlar kiɗa da ake yi masa shi kaɗai, wadda ko daga nesa aka ji an san wa ake nufi. Na Baba cewa yake, mai gama ciniki rana tsaka, nama ya ƙare kasuwa ba ta tashi ba. Mai kaɗa masa wani tsoho ne da muke kira Kawu, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Bayan an share makoki Inna ta aika aka kira shi. Ya tsuguna a bakin zauren gidanmu na Ƙofar Kware, ita tana daga bayan labule, ina zaune ina jin su.

Ta ce, "Roƙo nika yi. Taken nan ka aje shi. Zuciyata ba ta ɗaukar shi."

Ya ce, "Na aje, Hajiya. Ba ki ƙara jin shi ga hannuna."

Da kunnena na ji wannan, ba labari aka ba ni ba. Duk da haka na hau kabu-kabu, wato babur ɗin haya, na tafi ƙauyen Dundaye, inda Kawu ya koma wurin ɗansa manomi tun da mahauta suka rage kiran makaɗa. Na same shi a gindin bishiyar bedi yana gyaran igiyar akuya. Muka gaisa, na karanta masa waƙar, yana ji yana kaɗa kai. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Innarka ta san ka taho?"

Na ce, "Za ta sani, Kawu."

"Za ta sani, ko ta sani?"

Nan na buɗe bakin nan nawa. Na ce sau ɗaya ne tak, cikin katanga, can nesa da unguwarmu. Na ce Inna ko babbar waya ba ta riƙewa, ta ina za ta ji? Na ce ashe ni ba ɗansa ba ne, don ban iya wuƙa ba sai a ce ba ni da gadon komai nasa? Ina magana ina kallon hannunsa, yatsunsa sai motsi suke a kan gwiwa. Mutumin nan kewar kalangu ke cinsa, na gani sarai, kuma nan na danna. Can ya ce, "Kana da gado, ɗana. Ran Lahadi ko?"

Ranar kam ba a magana. Kawu ya shigo da tsohuwar rigarsa, kalangu a hammata, masu gambara suna ta taɓa juna suna murmushi. Na fara waƙar babu kiɗa. Da na iso inda nake faɗin yadda Baba ke wanke hannu kafin ya shafa kaina, don kada in yi ƙarnin jini a makaranta, sai Kawu ya matse kalangu ya saki taken. Kai! Tsigar jikina ta tashi. Babu wanda ya tuna da yatsu, ihu aka yi. Mai jita ya kifa kai a kan jitarsa yana kuka. Wani mai tsire da ke wucewa a titi ya shigo a guje, ya ɗaga hannu yana jinjina, ya san taken tun yana yaro. Na ga wayoyi sun tashi sama ta ko'ina suna ɗauka. Na gan su, wallahi, kuma daɗi na ji.

A cikinmu akwai wani mai haɗa kiɗa a kwamfuta, yana da ɗan situdiyo a shagon yayansa. Shi ya yanko taken daga bidiyon, ya cire waƙata, ya maimaita kiɗan a jere, ya ɗora masa ganga mai dukan ƙirji. Bai yi a ɓoye ba, ya sa mini a kunne ya ce, "Ya ka ji? In sake shi?" Kaina ya riga ya kumbura. Na ce sake shi.

Kafin ka ce me, kiɗa ya bar hannunmu. Masu sa kiɗan biki suka ɗauka. Ka tare ɗan kabu-kabu, wayarsa ta yi ƙara, taken babana ne. Yara ba su san abin da kalangun ke faɗi ba, sai suka yi masa nasu baitin, wai a ba ni tsire a ba ni yaji, suna yi suna karkaɗa kafaɗa. Aka fara gayyatata Birnin Kebbi da Gusau, ni da ko a Sakkwato ba a cika tuna sunana ba. Kullum na dawo gida sai in leƙa fuskar Inna in ga ko kiɗan ya iso mata. In na ga tana harkarta sai in ce to, yau ma an tsira.

Ya iso mata ne wata Asabar da rana. Ana suna a gida na uku daga namu, an kafa lasifika a lungu. Ina tsakar gida ina cin tuwo, Inna tana kan tabarma ta miƙe ƙafarta mai ciwo, wadda sai ta dafa bango take tashi. Kiɗan ya faso. Ban taɓa ganin ta miƙe da sauri haka ba. Ta gyara ɗankwali, ta suri buta, ta nufi zaure. Ashe tun tana amarya, duk ranar da ciniki ya yi kyau Kawu kan rako Baba da kiɗa har bakin lungu, ita kuma ta tarye shi da ruwan wanke hannu. Ƙafafunta ne suka tuna kafin ita. Ta kusa labule sannan ta tsaya cak, buta a hannu, ruwa yana ɗiga a kan ƙafarta. Gangar kwamfuta ta shigo, yara suka ɗauki a ba ni tsire.

Ta juyo ta ce, "Wa yab ba su?"

Ni mai baki, ni da ake gayyata garuruwa don magana, sai na kifa kai a kan kwanon tuwo. Ta dube ni, ta gane. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta ajiye butar ta shiga ɗaki.

Babban yayana shi ya yi zagin. Da ya dawo ya ci kwalata a zaure har maɓalli ya tsinke. Ni kuma maimakon in yi shiru sai zuciya ta ɗebe ni, na ce ai ni na sa duniya ta san Baba, su me suka yi masa ban da gadon wuƙa? Ya sake ni ya ce, "Baban da Sakkwato duk ta sani tun ba a haihe ka ba? Kai dai ka sa shi rawa ga bakin yara." Har yau in na tuna maganar nan da na faɗa masa kunya nake ji.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, irin ƙoƙarin da ba ya gyara komai. Na goge bidiyon daga shafina. Na je situdiyo na yi wa mai haɗa kiɗa tijara, ya bar ni na gama sannan ya ce, "Malam, ba kai ka ce in sake shi ba? To bi mutane gida-gida ka ƙwace wayoyinsu." Na roƙi masu kiɗan bikin unguwarmu su daina sawa, suka ce to, amarya ta nema kuma suka sa. Na daina yin waƙar a dandali. Ran Lahadi in na hau sai a yi ta kiran a yi ta Baba, a yi ta Baba, in ce na manta ta.

Labari ya kai Dundaye. Wata safiya ina ɗakina na ji sallamar Kawu. Tsohon nan ya biyo motar haya shi kaɗai, ya zo ya tsuguna a bakin zaure.

Ya ce, "Hajiya, na yi miki alkawari na karya. Ni na kaɗa, hannuna ne. Ki gahwarce ni."

Bai ambace ni ba ko sau ɗaya. Ina tsaye a bayan ƙofa, labule kawai ya raba mu, takalmana suna nan a waje yana ganinsu. Na ce wa kaina fita, fita ka faɗa mata yadda ka je ka lallashe shi. Ban fita ba. Na tsaya har Inna ta ce ta yafe, har na ji jan takalminsa ya bar lungu. Wannan tsayuwar ta fi komai yi mini nauyi.

Inna ta daina zuwa biki. Matar da in ba ta iso ba ba a ɗora tukunya a unguwa, sai ta koma aika gudummawa da gaisuwa. Amma gida ma bai tsare ta ba, lungunmu ba ya rabuwa da sha'ani. Duk sanda kiɗan ya taso sai in ga ta zabura, ta dafa ƙasa za ta tashi, sannan ta koma ta zauna. Wani lokaci ta shige ɗaki ta ƙure rediyo. Na yi ta addu'a Allah ya sa yayinsa ya wuce, ko kuwa ita ta saba. Abin da na roƙa ke nan, da zuciya ɗaya.

Bana da damina ina zaune kusa da ita tana tsintar shinkafa a faranti. Wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida yana jiran fasinja, ya saki kiɗan a wayarsa, ƙara har tsakar gida. Na saci kallonta. Ko gezau. Hannunta bai tsaya ba, tana ta ware tsakuwa gefe guda. Kiɗan ya yi ya ƙare ba ta ɗaga kai ba.

Wani sanyi ya ratsa ni, na ce alhamdu lillahi a raina. Har da murmushina na ce, "Inna, ashe ya daina damunki."

Ta ce, "Awo, ya daina."

Ta ci gaba da tsinta. Can, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Da na ce a aje shi, ba don ban son shi ba ne. Cikin kaina nika jin shi, in na kwanta, in na tashi, kuma duk sa'ad da na ji sai in ga babanku ya shigo zaure yana dariya. Yanzu ko na kira shi cikin raina, ɗiyan maƙwabta nika gani suna rawa. Na nemi huskar shi na rasa."

Ta tattara tsakuwar a tafin hannu ta miƙo mini, ta ce in zubar a waje, in kuma ce wa mai babur ɗin ya matsa daga bakin ƙofa, ya tare hanya.