Fim Ɗin da Baba Ya Ce Ƙarya Ne

Mahaifina tela ne. A Kano ya koyi ɗinki tun yana saurayi, a can kuma ya koyi shiga silima. Da ya dawo Bebeji ya yi aure ya kafa kekensa a zauren gidanmu, bai bar ɗinkin ba, bai kuma bar kallon ba. Yana cikin waɗanda suka fara sayen bidiyo a unguwarmu. Tsofaffin finafinan Indiya yake so, irin waɗanda ya gani a silima, yana da akwatin ƙarfe guda cike da kaset a ƙarƙashin gadonsa.

Baba ba ya jin Indiyanci, bai kuma taɓa cewa yana ji ba. Da ido yake yanke hukunci. Sai ka ji ya ce, "Dubi yadda wannan ya riƙe fartanya. Bai taɓa noma ba." Ko kuma ana tsakiyar faɗa, kowa hankalinsa a tashe, shi ya ce wuyan rigar jarumin a karkace yake, telan da ya ɗinka ta bai iya ba. In fim ya ƙare yakan ce ko dai "ya yi", ko "da sauransa". Wanda ya fi ɓata masa rai shi yake ce wa "ƙarya ne". Da aka fara fassara finafinan da Hausa muna ta murna, shi ko sau ɗaya ya kalla ya ce a kashe, surutun mai fassarar ya hana shi ganin fuskokin mutane.

Shekarar da hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wada. Aka rufe keken ɗinkin da tsohon zane. Maganarsa ta yi nauyi, abokansa na zaure suka riƙa raguwa, don zama da marar lafiya sai mai haƙuri. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai in hau mota in taho gida, in koma ranar Lahadi. Bidiyon ta daɗe da mutuwa, kaset ɗin ma yawancinsu sun yi tsatsa. Sai na kwashi kwalayen na kai wa wani mai tura finafinai a kasuwa, ya riƙa duba hotunan yana nemo min su, ya zuba a memori. Na sayi ƙaramar talabijin mai aiki da sola. Bayan azahar Inna, mahaifiyata, takan shimfiɗa masa tabarma a rumfar tsakar gida, mu jingina shi da matasai, mu yi kallo har a kira la'asar.

A cikin finafinan akwai guda da ya hana a sa masa. Labarin wasu manoma ne da aka ce su tashi daga ƙauyensu saboda za a tare kogi, ruwa zai ci garin. Na tuna sau ɗaya muka taɓa kallonsa ina yaro, ana zuwa wurin da mutanen suke fita da kayansu ya miƙe ya zare kaset ɗin ya ce, "Ƙarya ne." Na san asalinmu wani ƙauye ne da yanzu yake ƙarƙashin ruwan dam, amma ba a zancen a gidanmu, ni kuma ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Da lokacin kaka ya yi, Gwaggo ta zo dubiya daga Ba'awa, inda take aure. Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta ba shi shekara shida ko bakwai, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Har ya tsufa Auta take ce masa. Ranar Asabar ina neman wani fim da rimot, hannuna ya faɗa kan wancan. Na yi sauri zan canza.

"Bar shi," in ji Gwaggo. "Waɗannan shanun sun yi kyau."

Baba ya ce, "Yaya, wannan ba shi da kyau."

"To in gani da idona mana."

Ba ya yi mata musu, ko da yana da lafiya. Na ajiye rimot ɗin.

Gwaggo ba ma'abociyar kallo ba ce. Tana ɓarar gyaɗa a faranti tana ta tambaya, wannan matar wancan ce? Me ya sa suke rawa alhali ba biki ake ba? Amma da aka zo inda wasu masu farar riga suka tara mutanen gari a gindin bishiya suna karanta musu takarda, sai ta daina tambaya. Aka nuna ana kwance jinka, ana ɗaure tukwane, ana kora awaki. Wata tsohuwa ta koma cikin ɗakinta da babu rufi, ta zauna a ƙasa, ta ɗebi ƙasar da hannu biyu tana kuka, waƙa na tashi.

Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Na tsayar da fim ɗin. Ya daɗe yana haɗa maganar kafin ta fito.

"Nan ne ƙaryar. Ba haka ake tashi ba. Ranar da muka tashi wa ya yi kuka? Babu lokacin kuka. Azara muke saukewa, mota na jira, direba na ta faɗa. Iya da kanta ta ɗauko turmi ta miƙo min. Ko waiwaye ba ta yi ba. Waɗannan sun mai da abin wasa, sun sa waƙa."

Iya ita ce mahaifiyarsu, ban taso na same ta ba, mahaifinsu kuma Malam suke ce masa. Ban taɓa jin Baba ya yi doguwar magana haka ba tun da ya kwanta.

Gwaggo ta ajiye farantin. "Kai motar farko ka bi, Auta. Kai da Malam da kayan ɗaki."

"Na sani."

"Mu sai da motar ta dawo da yamma. Ka san inda Iya ta yini? A bayan gida, wajen kabarin yaran nan biyu da ta binne kafin a haife ka. Ni na je na taso ta. Ta yi kuka har muryarta ta dishe, ta ce ta bar su su kaɗai ruwa zai hau kansu. Ƙasar wurin ta ƙulla a bakin zanenta. Da muka kusa isa ta wanke fuska da ruwan buta, ta ce in na gaya maka ba ta yafe ba, don kai yaro ne, kuma a lokacin kana murna ka hau mota."

Inna da ke bakin murhu ta tsaya da abin da take yi. Baba ya ƙura wa talabijin ɗin ido, hoton tsohuwar na tsaye cak, bakinta a buɗe. Hawaye ya zubo masa ta idon ɓarin da ya shanye, wanda ba ya rufuwa sosai, bai iya gogewa ba. Gwaggo ta matsa ta goge masa da gefen mayafinta.

"Shekara nawa, Yaya, ba ki faɗa min ba?"

"Ta hana ni. Yanzu kuma ni da kai duk mun kusa tarar da ita. In ta yi faɗa na ba ta haƙuri."

Ya ce in ci gaba. Muka kalli fim ɗin har ƙarshe, ranar sai da muka makara sallar la'asar, abin da bai taɓa faruwa ba a gidan saboda kallo. Na jira ya yanke hukuncinsa. Abin da ya ce kawai shi ne waƙar ta yi tsawo, amma tsohuwar ta iya. Gwaggo ta ce ita dai ba ta ga dalilin da ya sa matan ba sa ɗaura ɗankwali ba.

Bayan sati biyu ya ce yana so a kai shi bakin ruwan dam ɗin. Na yi shatar motar wani maƙwabcinmu, muka ɗauke shi ni da direban muka sa a gaba, Gwaggo da Inna a baya. Da hantsi muka isa. Ban taɓa tsayawa na dubi ruwan nan da kyau ba sai ranar, ko da yake na sha wucewa ta kusa da shi. Faɗinsa ya wuce inda ido yake kaiwa. Masunta na gyaran koma a gaɓa, wasu Fulani na shayar da shanu can gefe.

Baba ya nuna wani wuri daga dama ya ce nan ne. Gwaggo ta ce a'a, ya fi nan nisa, sai an wuce wancan dutsen. Suka tambayi wani dattijon masunci, ya ce shi ma baƙo ne, daga baya ya zo, amma ya ji ana cewa akwai garuruwa a ƙasa. Ba su daidaita a kan wurin ba. Daga ƙarshe Gwaggo ta ce ko'ina ne Allah ya san inda suke. Muka ɗaga hannu, Baba ya yi wa Iya da Malam da yayyensa biyu addu'a da nauyin harshensa, muna cewa amin.

A hanyar dawowa ya ce a tsaya a sayi kifi. Inna ta yi masa farfesu, ya sha fiye da yadda ya saba. Gwaggo ta koma Ba'awa washegari, kuma ba su sake haɗuwa ba, don da damina ta kama ciwon ya sake bugunsa, kwana huɗu ya yi a asibiti Allah ya karɓi abinsa. Ita tana nan da ranta, sai dai idonta ya yi rauni sosai, in na je gaishe ta sai na yi magana take gane ni.