Ƙunshin Yaya Hadiza

Ranar wata Laraba ce a watan Afrilu, wajen ƙarfe uku na rana, ina da shekara tara. Mu uku ne a falon gidanmu da ke hawa na bakwai a Rillieux-la-Pape, arewa da Lyon: Inna, da yayata Hadiza, da ni. Baba yana wurin aikinsa a masana'antar sinadarai ta Saint-Fons, sai magariba zai dawo. Ba ma zuwa lakwal, wato makaranta, ranar Laraba, don haka ƙawayena suna can ƙasa suna tsallen igiya a filin da ke tsakanin benaye, ina jiyo ihunsu ta taga, amma ban sauka ba. Inna ta shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan kafet, ta ɗauko gwangwanin madarar da take adana garin lalle, wanda kakarmu take aiko mata daga Damagaram duk lokacin da aka samu mai zuwa. Ni na tankaɗe shi da rariya, ita ta kwaɓa da ruwan shayi da lemun tsami.

Ranar Juma'ar makon Yaya za ta Paris. Wani kamfanin kayan kwalliya yana neman 'yan mata da za su riƙa tsayawa a manyan kantuna suna gwada wa mata man shafawa da hoda da jan baki. Yaya ta shekara biyu tana koyon wannan sana'a, ta fito da takarda mai kyau. Da ta buga musu waya, matar da ta ɗauka ta yaba muryarta da ladabinta, ta ce irinta suke nema, ta zo kawai a ga juna. A Lyon aka haife mu duka, in Yaya tana Faransanci a waya ba mai sanin launinta.

Ba ta so a yi mata ƙunshin ba. Ta ce, "Inna, nan fa ba Damagaram ba ne." Inna ta ce, "Aikin kwalliya za ki nema, ki tafi da hannu fayau kamar mai takaba? Miƙo nan." A unguwarmu ba wanda ya kai Inna iya lalle. Matan Mali da na Senegal, har da Larabawa, a ƙofarmu suke layi in ana biki ko suna, kuma ko lif ya lalace sai sun hawo benen nan bakwai da ƙafa. A ganinta, abu mafi daraja da take da shi ta ba 'yarta guzuri. Ta yanka salatif siri-siri ta jera a bayan hannun, ta fitar da zanen da ban taɓa ganin ta yi wa ko amarya ba, ta cika farata, ta naɗe da leda ta ɗora safa. Ni na riƙa ba Yaya shayi a baki tana dariya. Da Baba ya dawo ya ga jan ya kama sosai, ya ce, "Wannan ai ko ba ki buɗe baki ba sun ɗauke ki."

Ta hau jirgin ƙasa, ta kwana wurin Gwaggo Zainabu, ƙanwar Baba da ke Clichy-sous-Bois, ta dawo ranar Asabar da la'asar. Tun daga yadda ta ajiye jakarta muka gane. Ta ce matar da ta yabe ta a waya ta fito ta kira sunanta, da ta miƙe sai matar ta dube ta, ta sake duba takardar, ta ƙara kiran sunan kamar tana jiran wata ta amsa. Ganawar ba ta kai minti biyar ba. A ƙarshe matar ta sauke ido kan hannuwanta, ta ce hannun da zai taɓa kayansu dole ya kasance mai tsabta. Da Faransanci Yaya ta ba da labarin, tana kallon Baba. Inna ta juyo wurina, domin ni nake mayar mata da wasiƙu da maganar likita zuwa Hausa, ta ce, "Me ta ce game da hannun?" Na faɗa mata yadda aka faɗa. A lokacin ban san mai fassara yana iya sassauta kalma ba.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta kawo lemun tsami da gishiri ta zauna tana dirzar hannun Yaya. Da ta ga bai yi ba ta ɗauko ruwan jabel na wanke banɗaki, Baba ya riƙe kwalbar ya ce, "Hajiya, wannan ruwan na san shi, fata yake ci." Na bayan hannu ya koɗe cikin mako uku. Na farata kuwa ba ya wankuwa, sai farcen ya tsiro an yanke. Kowace Juma'a Inna takan kama yatsun Yaya ta duba inda jan ya kai, ta yanke ɗan abin da ya fito. Gwangwanin ta tura shi can saman kabad. Mata suka yi ta zuwa neman lalle tana ba su haƙuri, ta ce bayanta ne yake ciwo. Hajiya Rabi, maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi, ta ce, "Bayan da kike ɗaukar buhun shinkafa da shi?" Inna ta yi murmushi ta kawo mata ruwa.

Da lokacin kaka ya shigo, faratan suka fita tas. Yaya ta sake neman aikin, wannan karon a ofishinsu na Lyon, da hannun da ko zobe babu. Aka ce mata an riga an cika. Inna ta ce, "Sun rubuta a takarda, ba su manta ba." Yaya ta yi ta faɗa mata ba lallen ba ne, ita kuma ta ɗauka lallashinta ake yi. Daga baya Yaya ta samu aiki a gidan kula da tsofaffi.

Ina da shekara goma sha ɗaya, wata Lahadi da hantsi, Gwaggo Zainabu ta bugo waya daga Paris, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce mu kunna talabijin. Wata mata da ta taɓa aiki a ofishin ɗaukar ma'aikatan kamfanin nan ce take magana. Ta ce an ba su umarni su ware fararen fata kawai, sauran kuma a sa wa sunansu alama, a kira su don kada a ce ba a kira ba, sannan a nemo dalilin sallamarsu. Wata a ce tsayinta, wata a ce muryarta. Na zauna kusa da Inna ina fassarawa, zuciyata cike da murna, domin na zaci albishir nake mata. Na ce, "Inna, kin ji? Ba lallenki ba ne. Tun kafin ta shiga sun gama magana." Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Da lallen ne ai da sauƙi. Shi yana fita."

A makonnin da suka biyo baya matan unguwa suka haɗu a ɗakin taro na ƙasan bene, suka ce an daina sayen kayan kamfanin, kamar yadda aka fara a unguwannin Paris. Aka yi ta gardama kan abin da ya rage a gidaje, a zubar ko a ƙarasa. Hajiya Rabi ta ce ita sai ta shafe nata tas sannan ta fara fushi, aka kwashe da dariya. Inna kuwa, wadda ta shekara da shekaru man kamfanin take shafawa, shi ne kuma tsarabarta in za ta gida, ta tattara nata duka a leda ta sauka da kanta ta zuba a shara. Mu yara muka zama masu karanta bayan kwalba. Ranar Asabar a babban kanti nakan bi layin sabulu da man gashi ina neman sunan kamfanin a ƙananan haruffa, domin yana ɓoye a ƙarƙashin sunaye da yawa. In na ce "nasu ne", Inna ta mayar da shi wurinsa a hankali, ta juya fuskar kwalbar ga bango.

Yau in na ratsa tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a Paris a hanyata ta zuwa aiki, nakan ga hotunan baƙaƙen mata a allunan tallar kayan kwalliya, kuma a wasu kantunan ana yi wa masu saye zanen lalle da bazara. Nakan tsaya in duba zanen. Ban ga wanda ya kama ƙafar na ranar Larabar nan ba, kuma ban san ko su waye ake ɗauka aiki a bayan allunan ba. Abin da nake kewa shi ne falon nan kafin Juma'ar, lokacin da mu duka muka yarda cewa kyan hannu da takarda mai kyau sun isa.

Shekara guda bayan labarin talabijin ɗin nan, Inna ta sauko da gwangwanin, ta koma yi wa amaren unguwa lalle har ƙarfinta ya ƙare. Yaya Hadiza ce kaɗai ba ta ƙara yi wa ba. Ranar aurenta, Gwaggo Zainabu ce ta zo daga Paris ta yi mata.